Kiɗan Taɓaryar Rabi

Zuwa ga marigayiya Rabi, uwar 'ya'yana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta girmamawa, wadda ta dace da mace irinki. Malamin da ya koya mana rubuta wasiƙa a firamare ya ce dole mutum ya fara da "ina fatan kina lafiya kamar yadda nake lafiya a nan." Ban kai ajin da ake koyar da yadda ake rubuta wa wanda ya riga mu gidan gaskiya ba, Baba ya zare ni ya miƙa mini fartanya. Don haka zan faɗa da bakina: ina fatan kina cikin rahama da haske da sanyi. Ni kuwa lafiyar jiki akwai ta, alhamdu lillahi. Sauran ne zan gaya miki.

A shafina zan sa wannan takarda, inda mutane suka saba leƙowa su yi dariyar rigimata da jakina. Yau su yi haƙuri, jaki yana hutu. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa, karatun nawa rabi ne, rabin ma na aro.

Labarin gida a taƙaice. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce ta ɗan ba mu kunya. Haƙoran Ummi na gaba sun zube, in ta yi dariya kamar ƙofar rumbu. Sani ya fara bi na gona, yana cinye ɗanyar gyaɗa fiye da wadda yake tsincewa. Inna tana nan, gwiwa ta ƙi, baki bai ƙi ba. Akuyarki ta haifi biyu.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake ta danne-danne da wannan katon yatsan nawa shi ne 'yar Inna. Ta daina zuwa makaranta, Rabi, kuma ni ban san yadda ake mai da ita ba.

Bari in yi wa 'yan birni masu leƙen wasiƙar mutane bayani, ke kin sani. 'Yar Inna ita ce 'yarmu ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Uba ma haka. Da aka yaye ta aka kai ta gidan mahaifiyata, Inna, a can ƙarshen unguwa, a can ta tashi. Inna take kira uwa. Ke kuwa Yaya Rabi take ce miki, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Sai bayan rasuwarki ta dawo gidan nan don ta kula da ƙannenta, Inna ma ta biyo ta. Har yau ni ban iya kallon idonta in yi magana ba. In ina son ruwa sai in fuskanci rumbu in ce, "Ko akwai mai jin tausayin bawan Allah a gidan nan?" Sai in ga kofi a gabana.

To, an kawo musu sabon malami a ƙaramar sakandare, Malam Nura. Yaro ne ɗan Ungogo, yana kwana Ɗanbatta, yana zuwa a kan wani babur da ya fi ni tari. Darasin al'adu da fasaha aka ba shi, shi kuma ya ce ba zai tsaya a rubutun allo ba, sai ya koya wa yara yadda ake tsara waƙa, tun daga kiɗa har zuwa baiti.

Kin san majalisarmu ta gindin tsamiya. Ranar da labari ya iso, Alhaji Sule mai taki ya ce, "Mun tura su su zama likitoci, za a dawo mana da maroƙa." Na ce, "Alhaji, in sun ƙware ai mun huta neman makaɗan gayya, ɗanka ya yi mana kiɗa, nawa ya yi amshi, kai ka yi noman." Aka yi dariya. Liman ya ce in dai babu batsa, kuma ba a bar salla ba, shi ba zai sa baki ba. Na koma gida ina jin daɗin na ci majalisa. Ban san a gidana abin zai sauka ba.

Da farko ma murna na yi. Yarinyar nan tun da muka dawo daga maƙabarta maganarta ta zama ta awo: to, a'a, an gama. Amma da aka fara darasin nan sai na riƙa jin tana ɗan buga gefen ƙwarya da yatsu in tana wanke-wanke. Wata rana har na ji murya na fita ƙasa-ƙasa. Na yi kamar ina gyaran igiyar jaki don kada ta gane ina saurare. Na gyara igiyar nan har jakin ya fara zargina.

Sai wata ranar Laraba yarinyar ta dawo tun kafin a tashi. Ta ninke yunifom ta sa a ƙasan akwati. Washegari ba ta fita ba, haka jibi. Na tambayi rumbu ko an yi hutu ne ban sani ba. Rumbu bai amsa ba, ita ma haka.

Malam Nura ne ya same ni a gona muna ɗaurin gero. Ya kafe babur a bakin hanya, ya tako cikin kara da takalminsa mai sheƙi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar wanda ya zo biko. Shi ya ba ni labari.

Ya ce ya ba su aikin gida ne. Kowa ya zo da waƙar da mahaifiyarsa ta yi masa raino da ita, don a nan zai nuna musu yadda ake riƙe karin waƙa a sauya mata kalmomi, har ta zama sabuwa. Yara suka zo da nasu. 'Yan farin da ke ajin suka kawo na kakanninsu, aka karɓa. Amma kin san Inna. Matar malami ce, ba ta taɓa rera komai ba sai salati, shi ma a ciki take yi. Yarinya ta duba nan babu, ta duba can babu. Da aka zo kanta sai ta miƙe ta rera wadda ta ji kina yi wa Ummi, waccan ta "yi barci mai kan tulu, gero ya nuna, tsuntsu ya tafi." Ta cire sunan Ummi ta bar wurin. Ya ce murya ce da bai ji irinta ba a ajin, har ya fara tafi.

Sai 'yar maƙwabtanmu, ta gidan Tanko, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ta Ummi ce. Ita Yaya Rabi ko sunanta ba ta kira." Ba da mugunta ta faɗa ba, gaskiyar da kowa ya sani ta faɗa. Aji ya fashe da dariya. Yarinyarki ta ɗauki jaka ta fita.

Malam Nura ya ce, "Wallahi Baba, ban kawo wannan a raina ba. Ni ma ɗan fari ne, amma a gidanmu Mama sunana take kira har maƙwabta su gaji." Na ce, "Malam, ba laifinka ba ne. Ka zo koyar da waƙa ne, ba ka zo binciken gidajen mutane ba." Ya ce jarrabawar ƙarshen zango ta matso, in ba ta zauna ba sai ta maimaita aji, kuma shi ya lura a ƙauyukan nan yarinyar da aka ce ta maimaita ba ta cika dawowa ba. Wannan ba sai ya gaya mini ba. Ni ma ai hutun mako ɗaya Babana ya ce in yi, a taya shi shuka. Ga ni har na yi furfura ana jira in koma.

Da na dawo gida na tarar Inna tana yi wa yarinyar faɗa a tsakar gida, ba don ta ƙi makaranta ba, don ta ƙi cin abinci. Na tsaya a zaure. Inna ta ce, "Ke kaɗai ce marainiya a duniya? Ga ƙannenki nan ba su mutu ba." Sai na ji yarinyar ta ce, a hankali, ba kuka ba tsiwa:

"Inna, su yanzu suka zama marayu. Ni na daɗe."

Rabi, na sha jin magana a rayuwata. An zage ni a kasuwar Ɗanbatta a kan tunkiyar da ba tawa ba, na mai da abin wasa har mai zagin ya saya mini rake. Wannan kuwa na laluba duk aljihuna ban sami abin da zan mayar ba. Na koma waje na zauna a dakali kamar baƙo.

Inna kuma ta sami abin da take so. Ta ce, "Ta zauna mana. Karatun da ake koyon kiɗa a cikinsa, me aka rasa? Ga gwiwata, ga yara, ga tuwo." Kin san ba a jayayya da Inna. Ana dai jira ta gaji, kuma ba ta gajiya.

Na ce bari in je in ga abin nan da idona. Na sa rigar Juma'a ranar Litinin, na tafi makaranta. Ban shiga aji ba. Ni da aji mun rabu ba ta daɗi ba, ban ga dalilin sabunta rigima ba. Na tsaya a taga.

Babu ganga, babu kalangu, babu komai sai benci da tafin hannu da wani gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa. Malam Nura ya sauya aikin, ya ce kowa ya kawo sautin da yake ji a gida. Ɗan maƙeri ya buga yadda guduma ke sauka a kan uwar maƙera. Wata ta buga yadda ake tankaɗe, hannu na dukan gefen rariya. Ya raba ajin biyu, ɓangare ɗaya su riƙe bugun a kan benci kada ya karkace, ɗaya ɓangaren su ɗora masa murya ba kalma, "la la la" kawai, su hau su sauka har su ji inda ya zauna daidai. Yaro ɗaya ya yi gaggawar sa baiti, ya ce masa, "Tsaya tukuna, Auwalu. Fara da abin da hannunka zai iya bugawa. Kalma ta jira." In suka sami abin da ya yi daɗi sai ya zana wasu ɗigo da sanduna a allo, ya ce ga shi an ɗaure shi, gobe ba zai gudu ba.

Na tsaya har ƙafata ta yi tsami. Na ga 'ya'yan da na sani da satar mangwaro sun natsu, kowa na sauraron na kusa da shi don kada ya riga shi ko ya makara. Na ga wurin zaman 'yarmu a benci na biyu, wata ta aje jaka a kai.

Da aka tashi tara ya fito ya same ni. Ya ce, "Baba, ba dole sai waƙar raino ba. Ko wani sauti ne da mahaifiyarta ke yi, wanda za ta riƙe ta ce wannan nata ne. In ta zo da shi, ni na san yadda zan yi da sauran." Na ce, "Malam, matata ba ta waƙa sai ga ƙananan. Ga babbar kuwa ko tari ba ta yi." Muka yi sallama.

Na biyo hanyar da yara ke bi, wadda ta ratsa bayan dangarmu. Ban taɓa bin ta ba, kullum ta ƙofar zaure nake shiga. Da na zo daidai inda zana ta ɗan buɗe, na hango turminki a ciki. A nan na tsaya.

Kin tuna turmin nan a gindin darbejiya yake tun zuwanki gidan, cikin inuwa? Shekarar da aka sa 'yar Inna a aji ɗaya kika mirgino shi jikin danga, inda rana ke duka tun hantsi. Na ce, "Rabi, mutane na gudun rana ke kina bin ta, ko shanya kanki za ki yi?" Kika ce, "Ƙasar can ta yi laushi, Malam." Ƙasar da in an sara da gatari sai ya yi tsalle.

Kin tuna da aka kawo inji garin nan, mata suka huta, ke kika ce furar inji ba ta da ɗanɗano? Kullum da safe kina daka, da azahar kina daka. Kuma akwai wani salo da kike yi. Ki buga sau uku, ki cilla taɓarya sama, ki tafa biyu, ki cafe ta kafin ta sauka. Ba kya yin sa tun daga farko har ƙarshe. Sai hayaniyar 'yan makaranta ta taso daga ƙarshen unguwa kike farawa, in ta wuce ki koma daka irin na kowa.

Ni mai zaman dakali ne, aikina lura da abin da bai shafe ni ba. Na lura ba kya yi ranar Asabar, ba kya yi Lahadi, ba kya yi in an yi hutu. Wata rana na ce, "Rabi, wannan taɓaryar taki 'yar boko ce? Na ga ta san ranakun aiki." Kika ja gyale kika rufe rabin fuska, kika ce, "Malam, sha furarka tun ba ta yi tsami ba." Ban ƙara tayar da maganar ba. Na gane, kin gane na gane, muka bar shi a nan.

To ga ni da abin da Malam Nura ke nema, amma ta ina zan miƙa shi? Na je ƙofar ɗakin yarinyar na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ko an ba akuya ruwa?" Na je wajen Inna na ce ta gaya mata. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Abin da mace ta rufe da ranta, kai za ka buɗe bayan ranta? Ba da bakina ba."

Sai na yi abin da har in mutu majalisa ba za ta manta ba. Da hantsi, rana na dukan danga, na ɗebo gero a rumbu na zuba a turminki, na naɗe hannun riga, na ɗauki taɓarya.

Ban san abin nan nauyi gare shi haka ba. Na buga uku lafiya. Na cilla, na tafa ɗaya, kafin in yi na biyu ta sauko mini a kafaɗa. Na sake, ta faɗi can gefe ta kori kaji. Matar Tanko ta leƙo ta saman danga ta ce, "Malam Ɗanjuma, lafiya? Ko a kira mai ruƙiyya?" Na ce, "Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki." Ta ce, "To ka zo gidanmu ka motsa, muna da surfe." Kan a jima kawunan mata sun jeru a danga kamar tulunan sayarwa. Inna daga ɗaki tana ta innalillahi.

Kunya ce ta fito da yarinyar, ba tausayi ba. Wace 'ya ce za ta zauna ubanta na daka unguwa na kallo? Ta zo kanta a ƙasa ta ce, "Kawo, Baba." Na ba ta. Mata suka watse suna dariya. Ta fara daka irin na kowa. Ni kuwa ban tafi ba, na tsaya a gefe ina tafa abin da hannu, ina ɓata shi, ina sakewa.

Sai ta ce wa turmi, ba ni ba, "Ba haka ba ne."

Ta buga uku, ta cilla, ta tafa biyu, ta cafe. Rabi, ko gashi ɗaya bai bambanta ba. Har yadda kike ɗan karkata kafaɗar hagu. Na nemi gefen rumbu na jingina.

Na ce, ina kallon jinka, "A ina aka koyi wannan?"

Ta ce, "Kullum in za mu wuce makaranta ina ji. In mun taso ma ina ji."

Na ce, "Ranar Asabar fa, in Inna ta yi aike gidan nan, ana ji?"

Taɓarya ta tsaya a cikin gero. Can ta ce, "Ranar Asabar daka kawai take yi."

Na ce, "To. Turmin nan kuma da a inuwa yake. Shekarar da aka sa wata a aji ɗaya ya dawo nan, jikin hanya." Iyakar abin da bakina ya iya ɗauka ke nan. Ko shi sai da na yi gumi kamar na yi huɗar kadada.

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi murmushi, irin yadda labari ke ƙarewa in ni nake ba da shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gama dakan tsaf, ta kwashe, ta bakace, ta rufe ƙwarya da faifai. Sannan ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana rarrafe. Ta ce:

"Baba, to me ya hana ta leƙo?"

Na ce, "Kunya ce."

Ta ce, "Na san kunya ce." Ta ɗauki ƙwarya ta shige.

Tun ranar nake juya tambayar nan, a gona, a masallaci, a kan jaki. Ba na cewa kin yi laifi, Rabi. Haka muka tarar. Haka Inna ta yi wa yayana, kuma da ya yi rashin lafiya a Watari lokacin noman rani, ita ce ta yi azumi ba ta gaya wa kowa dalili ba. Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Uwa ta danne, ta danne, 'ya ta girma ta haihu, sai a juye duk abin da aka tara a kan jika, a yi masa wasa, a yi masa waƙa, a kira shi miji ko kishiyar wasa, 'yar kuma tana gefe tana gani, ta gane ashe nata ne ake biya. Na tabbata lissafin da kika yi ke nan. Ni ma shi na yi. Amma tsarin nan an yi shi ne don masu tsawon rai. Ba wanda ya gaya mana abin da za a yi in zazzaɓin damina ya ɗauke uwa kafin a kai wurin.

Ranar Litinin da ta biyo baya na fito alwala na ga yunifom a kan igiya. Na wuce abina, na ji tsoron in yi magana ya koma akwati. Inna ta yi gunaguni, wannan karon har ta gaji da kanta. Yarinya ta goya jaka ta fita, ba ta ƙofar zaure ba, ta zagaya ta bi bayan danga.

Bayan kwanaki Malam Nura ya tsayar da babur a ƙofar gida ya ce, "Baba, gobe ka zo tagarka." Na je.

Ita ce a gaban aji. Ta koya musu bugun, aji duka na yi a kan benci: uku a katako, biyu a tafi. Sautin turminki a hannun 'ya'yan unguwa, har da 'yar gidan Tanko, wadda ta fi kowa dagewa. Suka ɗora murya ba kalma har ta zauna. Sannan ita kaɗai ta shigo da baitinta:

Na wuce da safe, turmi ya gaishe ni,
Na dawo da rana, turmi ya gaishe ni,
Mai turmi, me ya hana ki leƙo?

Daga nan sai komai ya tsaya. Yara duka suka ɗaga hannu sama da benci suka riƙe a iska, ba bugu, ba tafi, ba murya. Ana jin kukan kurciya a bayan aji. Sai da aka yi tsawon bugu uku da tafi biyu a haka, sannan hannaye suka sauka tare, aka koma farko.

Malam Nura ya matso taga ya yi mini raɗa. Ya ce ya gaya mata irin wannan waƙa tana son amshi, a samu abin da aji zai mayar bayan tambayar. Ya kawo mata shawara iri-iri. Ta ce, "Malam, babu amshi." Ya ce to ba komai, shiru ma yana cikin kiɗa, yana da tsawonsa, har alamarsa gare shi. Ya nuna mini a allo, wani ɗan zane kamar tsutsa. Ya ce shi ne wuri mafi wuya ga yaran, kullum sai wani ya so ya cike shi, amma ta hana.

Sau uku suka zagayo wurin nan ina tsaye. Kin san ni, ba a yin shiru a inda nake. A zaman makoki ma sai an harare ni. Duk lokacin da hannayen nan suka tashi sama sai in ji bakina ya buɗe da kansa, in laluba, in rasa. A na ƙarshe ta juyo ta ga ni a taga. Ba ta sunkuyar da kai ba, ni ma na daure ban sunkuyar ba, muka tsaya a cikin shirun tare har ya ƙare.

Za ta zauna jarrabawa, Rabi. Wannan kam an samu. Amma tambayar tana nan a gidan, tana cin tuwo da mu. Wurin da ta bari a waƙar naki ne, kuma ba ki nan. Ina tsoron in na cike shi da surutuna in ɓata, ina tsoron in na bar shi ta girma da shi haka a buɗe. Ke ce mai sanin abin da ya kamata a irin wannan, ni dama rakiya nake yi.

Ki yafe mini na buɗe abin da kika rufe, gaban 'yarki, yau kuma gaban mutanen da ba ki sani ba. Na duba ban ga wata hanya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa duk gumin da kika yi a ranar nan ta jikin danga ya zama inuwa gare ki ranar da babu inuwa sai tasa. Allah Ya raya abin da kika bari, Ya sanyaya zuciyar babbarsu, Ya ba ta a wajensa amsar da ni na kasa ba ta. Ya saka wa malaminta da alheri. Ya haɗa ku a inda za ki kira ta da babbar murya ba mai ce miki kin yi rashin ta ido. Amin.

Wassalam.

Naki har a sake haɗuwa,
Ɗanjuma, uban 'ya'yanki.